Kawo-in-gani da Kwamfutar Baba Mai Hoto

Duk wanda ya san Kawo-in-gani a da, in ya gan shi yanzu zai ce lallai wani abu ya taɓa bawan Allahn nan. Mutumin da in ya shigo gidanka sai ya ɗaure maka ƙafar kujera kafin ya zauna a kanta, yau sai ka miƙa masa waya ka ce tana ɗaukewa, ya karɓa ya yi ta jujjuya ta yana tambayarka ko ka tabbata kana so a taɓa ta. Abokan sana'arsa na layin masu gyara suna yi masa tsiya, wai girma ne ya zo masa da tsoro. Ba girma ba ne. Kwamfutar mahaifinsa ya gyara, gyara kuwa mai kyau wanda ba mai kushe shi, kuma tun daga ranar bai ƙara samun sukuni ba.

Sunan nan tun yana ɗan mitsitsi ya same shi. In agogon bango ya tsaya, in tocila ta ƙi kamawa, in rediyo ta fara shaƙewa, kafin manya su gama salati sai ka ji wata 'yar murya daga ƙasa tana cewa kawo in gani. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, har ɓoye masa kaya take yi a bayan tukwane, don wani abin lafiyarsa lau, shi ne zai kwance shi ya ga me ya sa yake da lafiya. Da ya taso sai ya koyi gyaran rediyo, daga nan talabijin, daga nan waya, har ya dire a kan kwamfuta. Hannunsa na da albarka, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Kuma ba mugu ba ne, ba shi da ha'inci, in abu ya fi ƙarfinsa zai gaya maka. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya ganin abu yana ɗingishi ya wuce shi.

Shi ya sa ranar da ya gano Linux ya yi kamar wanda ya tsinci dami a kala. Linux ɗin nan manhaja ce mai tuƙa kwamfuta ɗungurungum, kyauta ake samunta, kuma tana da iri-iri, har da marasa nauyi waɗanda tsohuwar na'ura ke iya ɗauka ba tare da nishi ba. Kwamfutocin da ofisoshi suka yafe, waɗanda aka jibge a bayan ƙofa ƙura na ci, shi sai ya kwaso su, ya hure su, ya sa musu ita, su miƙe kamar ba su taɓa ciwo ba. Filashin da yake ɗora ta da shi, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, a jikin makullansa yake rataye, ko ina ya je yana tare da shi. In ka yi kuskuren ce masa kwamfutarka ta yi nauyi, to ka nemi wurin zama, don wa'azi za ka sha. Matarsa takan ce ita kam ba ta yarda ta daɗe a zaune wuri ɗaya, kada a wayi gari a ce ta yi nauyi a sa mata Linux.

Mahaifinsa kuwa shi ne Baba Mai Hoto. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da kayan lantarki. In ka shiga, benci ne a dama na masu jira, tebur a hagu, sai a ƙurya babban labulen nan da ake tsayawa a gabansa a ɗauki hoto. Wani mai zane ne ya zana shi tun kafin a haifi Kawo-in-gani: gidan bene fari mai jan rufi, bishiya mai inuwa a gefe, mota ja a ƙofar gida, hanya mai lanƙwasa, sama kuma gajimare. Ba gidan da ke unguwar da bai taɓa tsayawa a gaban benen nan ba. Ango da amarya, jariri a cinya, ɗalibi da sabon takalmi, wanda ya samu aiki, wanda zai yi tafiya, duk sun mallaki jar motar nan na ɗan lokaci sun koma gida da ƙafa.

Da waya ta zo kowa ya zama mai hoto, kasuwa ta mutu murus. Abokan Baba suka rufe shaguna, wasu suka koma sayar da caja. Shi bai rufe ba, don yana da abin da ba su da shi. Baba bai taɓa zubar da fim ɗin hoto ba, duk wanda ya wanke yana nan a kwali. Kawo-in-gani ne da kansa ya kawo masa kwamfuta da sikana a wancan lokacin, ya nuna masa yadda ake shigar da tsohon hoto ciki, da yadda ake buɗe folda a zuba. Baba ya duƙufa shekara da shekaru yana wannan aiki, kowane gida da foldarsa. Sai sana'arsa ta juya. Yanzu ba masu son a ɗauke su ke zuwa ba, masu neman waɗanda aka ɗauka ne. Wannan yana neman hoton mahaifinsa yana saurayi, wancan tana neman na auren iyayenta da ruwa ya ci nasu na gida.

Abu ɗaya ne Baba bai taɓa yi ba, shi ne sa wa folda suna. Duk sunan da kwamfuta ta ga dama ta ba ta, da 'yar lambarta a gefe, haka yake barinta. Shi nasa tsarin daban ne. Ya ɗauki hoton labulen nan ya shimfiɗa shi a fuskar kwamfutar, sannan ya riƙa jan kowace folda yana ajiye ta inda ya ga ta dace. Gidan mai burodi a bakin ƙofar bene. Gidan kafinta a gindin bishiya. Direbobi duk a jikin mota, malaman makaranta a tagogi, waɗanda suka tashi daga unguwar a bakin hanya. Gidan da maigidansa ya rasu kuma yakan ɗan matsar da su sama. Shi kaɗai ya san dalilin kowane wuri, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa.

To, a 'yan shekarun nan kan Baba ya fara zuba. Ya fara da manta inda ya ajiye tabarau, ya zo yana kiran jika da sunan ubansa, har ta kai wata rana ya tsaya a mararraba ya rasa ta ina ake zuwa gida. Likita ya ce abin na girma ne, ba ya komawa baya, sai dai a lallaɓa. Yaya, babbar 'yarsa, wadda take aure can ɗaya gefen gari, ta ce a rufe shago ya koma wurinta ta riƙa ganinsa. Baba ya ce sai dai a ɗauki gawarsa. Aka yi ta ja-in-ja, har aka tsaya a kan magana ɗaya a gaban su ukun: muddin Baba yana iya sallamar mai neman hoto da hannunsa, shago na nan. Ranar da ya kasa, zai ba da makulli ba gardama. Baba mutum ne mai magana ɗaya, kowa ya san in ya faɗa ya faɗa ke nan.

Kuma yana iyawa, abin mamaki. Mutum zai shigo ya ce shi ɗan wane ne, Baba ya dube shi fuska ba alamar sani. Amma hannun nan da ke kan mawus, linzamin kwamfutar, sai ya tafi da kansa, ya gangara gindin bishiya ko ya hau taga, ya danna. Da zarar hotunan sun buɗe sai bakin Baba ma ya buɗe, ya gaya maka ranar da aka ɗauka, da aron hular da ubanka ya yi, da kukan da ka tsala har aka ba ka makulli ka riƙe. Kan ya manta hanya, hannun bai manta ba, kuma hannun ne ke jan kan.

Wannan duk Kawo-in-gani bai sani ba. A nan ne fa abin yake ci masa rai har gobe. Kusan kullum yana biyawa ta shagon, amma bai taɓa zama ba. Zai leƙo a tsaye ya gaida Baba, ya ɗaure soket, ya duba fanka, ya ce sai an jima. Bai taɓa zama a bencin nan ya ga yadda tsohon yake sallamar mutum ɗaya ba. Abin da idonsa ke gani kawai fuskar kwamfuta ce a hargitse, foldoji ko ta ina kamar an watsa wa kaji tsaba, da na'ura mai nishi kamar za ta haihu kafin ta tashi. Nauyinta kam ya kai intaha. Baba yakan kunna ta, ya share shago, ya fita ya gaisa da mai ɗinki, ya dawo, sannan ta gama buɗe ido. Shi ko a jikinsa. Duk lokacin da ɗan ya kawo maganar gyara sai ya ce a bar ta, tafiyarsu ɗaya da ita.

A yi masa adalci dai, ba son gwaninta kaɗai ba ne. Yana tsoron wata rana ta ƙi tashi gaba ɗaya, aikin shekaru ya tafi a banza. Tsoron gaskiya ne. Sai dai maganin wannan shi ne ya kwafe hotunan ya ajiye a gefe ya kama gabansa. Amma ina! Mai neman gira ba ya tuna ido.

Ranar da Yaya ta zo da safe ta ɗauki Baba zuwa ganin likita, aka bar wa Kawo-in-gani makulli wai ko wani zai zo. Ya buɗe shago, ya dubi kwamfutar, ya dubi filashin da ke jikin makullansa, ya ce yau dai Baba zai sha mamaki. Kuma wallahi ya yi aikin da natsuwa. Ya kwafe kowace folda zuwa wani faifan ajiya, ya sake kwafewa a wani, ya bi su yana dubawa kada a ce ko hoto ɗaya ya salwanta. Ya kwance murfin na'urar, ya fita da ita waje ya hure ƙurar da ta yi kamar auduga, ya goge fankar ciki, ya mayar. Ya soka filashi ya kunna. Linux ta fito ta tambaye shi yare, ta tambaye shi lokaci, sannan ta yi tambayar da take yi wa kowa: a ajiye ta a gefen tsohuwar manhaja ne, ko a share komai ta zauna ita kaɗai? Cikin kwamfutar ƙarami ne, kuma me za a yi da tsohuwar? Ya zaɓi a share. Ta sake ja masa kunne cewa in an share an share ke nan. Ya danna yana fito, don tambayar nan ya amsa ta ba adadi.

Kafin rana ta take an gama. Ya kashe ya kunna, kafin ya gyara zama ta tashi tsaf, ba nishi ba ƙara. Ya mayar da foldojin Baba, suka jeru layi-layi a kan shuɗin bango kamar 'yan makaranta a filin taro. Sikana ta yi aiki, firinta ta yi aiki. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallo, daɗi ya cika shi, har yana raya wa ransa irin albarkar da za a sa masa.

Da la'asar Yaya ta sauke Baba a bakin titi ta wuce, don tana sauri. Baba ya shigo ya zauna, ɗan ya ce masa ya danna ya gani. Ya danna, ta tashi nan take, har ya ɗan ja baya. Ya ɗora hannu a kan mawus. Hannun ya tafi kamar yadda ya saba, ya yi ƙasa ta hagu, sai ya tsaya. Ya dawo ya yi sama, ya sake tsayawa. Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar.

"Ina gidan?" in ji shi.

Kawo-in-gani ya shiga bayani da zumuɗi, cewa komai na nan, ba abin da ya ɓace, ga su nan a jere ma sun fi kyan gani. Baba ya saurara har ya gama, ya ce to madalla, Allah ya saka. Amma hannunsa bai bar yawo a kan tebur ba, a hankali, kamar mai lalube a ɗakin da aka canja wa kaya wuri. Ɗan ya yi maza ya nemo hoton labulen a cikin abin da ya kwafe, ya shimfiɗa shi. Bene ya dawo, bishiya ta dawo, mota ta dawo. Foldoji kuwa suna nan a layinsu a gefe guda, bene fayau ba kowa.

Sai a lokacin ya tuna abin da shi da kansa ya sani sarai. Hoto yana cikin folda, folda ya kwafe ta. Amma wurin da kowace folda take zaune a fuskar kwamfuta ba a jikinta yake ba, tsohuwar manhajar ce ke riƙe da shi, ita kuwa ya share ta da hannunsa yana fito. Ya tambayi Baba a hankali ko wuraren nan suna da wata ma'ana. Baba ya dube shi da mamaki, kamar an tambaye shi ko ƙofa tana da amfani, ya ce ai gidajen mutane ne.

Bai gaya wa Yaya ba. Ya ce wa ransa bari ya gyara tukuna, in ya gyara sai ya faɗa a yi dariya. Ya ɗauke faifan cikin kwamfutar ya kai runfarsa ta gyara, ya bi shi da duk wata dabarar tono abin da aka share, ya kira waɗanda suka fi shi sani. Kowa amsarsa ɗaya, sabon abu ya riga ya hau kan tsohon, ruwa ya zube a rairayi. Ya nemi ko akwai wanda ya taɓa ɗaukar hoton Baba a gaban kwamfutar, ko fuskarta ta fito a baya. Babu. Shagon hoto guda, ba wanda ya taɓa ɗaukar mai hoton.

Sai ya rufe runfarsa da safe, ya riƙa zuwa yana zama kusa da Baba. Ka ji fa, zaman da bai yi ba shekara da shekaru, yanzu da ɓarna ta auku ya samu lokacinsa. Zai buɗe folda ya ce Baba su wa ke nan, ina ne wurinsu? Baba ya ƙura wa fuskokin ido, ya yi murmushi, ya ce ya san su, wallahi ya san su, sunan na bakinsa. Amma ba ya fitowa. Da daga wuri yake zuwa ga suna, yanzu an ce ya taso daga suna ya nemo wuri, hanyar kuwa ba ta biyuwa ta baya. Wani lokaci a dace, ya ce wannan gidan kafinta ne, a ja a kai gindin bishiya. Washegari ya zo ya ce wa ya kawo waɗannan nan, ya mayar da su taga. Mai ɗinki ya taimaka da waɗanda ya gane, Kawo-in-gani ya sa musu suna a rubuce, amma rubutun bai yi wa Baba komai ba, don ba karantawa yake yi ba, hannu yake bi.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Baba bai taɓa yi masa faɗa ba. Da ma ya zage shi, da ya ji sanyi. Sai dai kullum in kwamfutar ta tashi ya ce kai, yanzu kam tana da sauri. Kuma a hankali tsohon ya daina tambayar ina gidan. Ya daina ɗora hannu a kan mawus sai an ce ya ɗora. In an yi sallama a ƙofa sai ya dubi ɗansa, shi da da yake miƙewa tun kafin a gama sallamar. Kawo-in-gani yana ganin wannan duka, abinci ya daina yi masa daɗi, matarsa ta tambaye shi har ta gaji, ya ce aiki ne ya yi yawa. Masu zuwa neman hoto kuwa shi yake sallamarsu da dabara, yana yi yana cewa Baba ne ya nuna masa.

Ranar da asiri ya tonu, Yaya ta zo kawo magani, tana zaune a benci tana yi wa ƙaninta tsiya wai yaushe ya zama ɗan kirki haka da har yake yini a shago. Sai ga wata mata ta yi sallama, babba da ita, da alama daga tafiya take. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta ce ita 'yar mai burodi ce, ta daɗe ba ta gari. Mahaifiyarsu ta rasu tun suna ƙanana, 'ya'yanta suna ta tambayarta kamannin kakarsu, ita kuwa ba ta da hoto ko ɗaya. An ce mata in dai a unguwar nan aka ɗauka, to yana wurin Baba.

Kawo-in-gani ya yunƙura zai tashi, Yaya ta ce ya zauna mana, ai mai shago na nan. Fuskar Baba ta washe, don kalmar mai burodi ta taɓa wani abu. Ya ja kujera, ya ɗora hannu, hannun kuwa ya tafi kai tsaye bakin ƙofar bene ba ko tsayawa. Ya danna foldar da ya tarar a wurin. Wasu 'yan makaranta ne suka fito da kofi a hannu. Ya rufe, ya danna ta kusa da ita, wani tsoho ne da keke. Ya koma ta farko ya sake buɗewa, ko za ta canja. Hannun ya je daidai, wallahi daidai ya je, mutanen gidan ne ba sa nan. Gumi ya tsattsafo wa Baba a goshi. Ya ce wa matar ta yi haƙuri yanzun nan, ya yi ta dannawa, har ya buɗe abubuwa da yawa a kan juna suka rufe benen.

Kawo-in-gani bai iya jurewa ba. Ya ce Baba ya ɗan huta, ya karɓi kujerar, ya ce wa matar ta matso. Suka shiga buɗe foldoji ɗaya bayan ɗaya, tana leƙawa tana girgiza kai. An daɗe ana yi. Can sai ta dafe ƙirji ta ce ga ta nan. Wata siririyar mata ce a tsaye a jikin jar mota, da jaririya a kafaɗa. Matar ta yi kuka, ta yi dariya, Kawo-in-gani ya buga mata hoton ya sa a ambulan. Da za ta fita shi ta yi wa godiya, ta yi ta sa masa albarka, sannan ta tuna ta juyo ta yi wa Baba sallama. Baba yana zaune a bencin masu jira, hannuwansa a kan gwiwa.

Yaya ta share ido da gefen mayafi, ta matsa kusa da mahaifinta, ta ce masa cikin lallashi ai ya yi ƙoƙari, ya yi wa mutane hidima iya hidima, ɗakinsa na can a gyare tun tuni. Ba ta ambaci alkawari ba, amma kowa ya san shi ake nufi.

Nan Kawo-in-gani ya durƙusa a gabansu ya fasa ƙwai. Ya ce ba kan Baba ba ne, shi ne. Ya faɗi ranar, ya faɗi filashin, ya faɗi tambayar da aka yi masa da amsar da ya bayar. Ya ce hannun Baba wurin gaskiya ya je, shi ne ya tashi mutanen daga gidajensu, kuma ya ɓoye mata tun ranar. Yaya ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ce wa ya aike shi? Wa ya ce masa tana ciwo? Tun yana yaro haka yake, abu na zaune lafiya sai ya kwance shi, yau ga shi ya kwance ubansa. Ya sunkuyar da kai, don ba ƙarya ta yi ba, kuma zagin ma daɗi ya yi masa. Ya roƙe ta a ƙara musu lokaci, zai zauna da Baba kullum har su mayar da komai. Ta tambaye shi tsakani da Allah, a zaman da suka yi, gida nawa suka mayar ya zauna?

Baba ne ya katse su. Ya ɗaga hannu ya ce wa Yaya ta bar yaro haka nan.

"Kwamfuta da ƙyar take tashi, ya zo ya gyara ta, yanzu ga ta kamar sabuwa. Laifinsa ke nan? Ni ne kaina ya tafi. Na daɗe da sani."

"Baba, wallahi ba haka ba ne. Da foldojin nan a kan benen suke, kai ka jera su da hannunka, ni na share. Ka tuna ranar da ka tambaye ni ina gidan?"

Baba ya dubi fuskar kwamfutar, ya daɗe yana kallo. Ga bene, ga bishiya, ga mota. Ya juyo ya ce ai ga gidan nan, ina ya je? Sannan ya yi 'yar dariya, ya dubi Yaya yana nuna ɗan da haɓa, ya ce ta ga ɗan halak, yana ɗaukar laifi a kansa don ya rufa wa ubansa asiri. Kawo-in-gani ya sake rantsuwa, ya sake bayani. Duk rantsuwar da ya ƙara, sai Baba ya ƙara gyaɗa kai yana jin daɗin irin ɗan da Allah ya ba shi. Yaya ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi fuskar mahaifinta, ta fasa.

Tsohon ya miƙe a hankali, ya laluba aljihu ya ciro makullin shago da ke ɗaure da wani tsohon zare. Ya ce magana ɗaya ce, ya faɗa kuma ba zai canja ba. Ya kamo hannun ɗansa ya buɗe tafin, ya sa makullin a ciki, ya rufe da nasa hannuwan biyu. Ya ce ya kula da mutanen nan na ciki, amana ce. Sannan ya ɗora masa hannu a ka, kamar yadda yake yi masa yana yaro.

"Allah ya yi maka albarka. Yadda ka gyara min, Allah ya ba ka masu gyara maka."

Ya tsaya yana jira, don Baba bai saba ya sa albarka a yi masa shiru ba. Yaya ta kawar da kai wajen ƙofa. Kawo-in-gani yana durƙushe, makulli a hannu, ya ce amin.